Ka Sauke Motarka Ƙasa? Ga Yadda Za Ka Tsare Injin da Giya Daga Dukan Hanya

Motar da aka sauke ƙasa tana da kyan gani, wannan ba abin musu ba ne. Tayoyi sun shige jiki, ta kwanta luf a kan kwalta, kuma a kwana ba ta yin tangaɗi irin na da. Sai dai santimita 4 ko 5 ɗin da aka rage mata, daga tazarar da ke tsakanin kwalta da cikin injin aka yanke su. Yawancin ƙananan motoci suna fitowa daga kamfani da tazarar santimita 13 zuwa 16. In ka cire 5, abin da ya saura bai kai tsawon wayar da ke hannunka ba.

Abin da mutane suka fi yi shi ne su garzaya wurin mai walda a manna musu faranti a ƙasa, su ce shi ke nan. Ni a ganina farantin nan shi ne aiki na uku ko na huɗu. Wanda ya fara da shi kafin ya san inda motarsa take dukan ƙasa da abin da ke sa ta dukan, yakan ƙara wa kansa matsala ne kawai.

Fara da leƙa ƙarƙashinta

Ka samu wuri mai shafe da siminti, wanda ba shi da gangara. A cika tanki, wani mai kimanin nauyinka ya zauna a kujerar direba, motar kuma tana kan tayoyinta. Da tocila da abin awo, ka auna daga ƙasa zuwa kaskon baƙin mai, wanda makanikai ke kira botom filet, da notin da ake juye mai ta wurinsa, da cikin giyabos, da gadon injin, wato ƙarfen da ke ɗauke da injin da ƙafafun gaba, da salansa, da gindin lagireto. Rubuta kowanne. Mafi ƙanƙanta a cikin lambobin nan shi ne ainihin tsayin motarka. Tsayin bamba ba ya cikin lissafi, don bamba roba ce, in ta karce kwalliya ce kawai ta taɓu.

Daga nan sai a ɗaga ta. Jak na yau da kullum sau da yawa ba ya shiga ƙarƙashin irin wannan mota, don haka ka fara hawa da tayoyin gaba kan katako mai kauri. Kada a kafa jak a kan kasko ko cikin giyabos, kuma kada ka kuskura ka cusa kanka ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A sa mata ƙafafun ƙarfe na tokare mota, ko a hau da ita kan ramin gareji.

Abin da kake nema shi ne sawun da hanya ta bari: karce mai sheƙi, lotsawa, kan noti da ya side, danshin mai. Duk inda ka ga ƙarfe ya yi fari fes alhali kewayensa ƙura ce da baƙi, nan ne motar take taɓa ƙasa.

Sai ka kara maganaɗisu a jikin kaskon. In ya kama, ƙarfe ne. In bai kama ba, alminiyam ne ko roba, kuma idonka zai bambance su. Wannan ɗan gwaji yana da amfani, domin kowanne da irin mutuwarsa. Kaskon alminiyam ba ya lotsawa, tsagewa yake yi, mai ya tsiyaye cikin ɗan lokaci. Volkswagen Golf ƙarni na huɗu, wadda aka fara ƙerawa a 1997, da 'yar'uwarta Jetta sun yi suna a kan wannan, saboda kaskonsu na alminiyam yana zaune ƙasa sosai tun kafin a taɓa sifirin. Na roba ma fashewa yake yi, kuma ya yawaita a sababbin motoci, har da kaskon giyar kamfanin ZF mai hawa 8 da ke cikin BMW da yawa, wanda filta ke haɗe a jikinsa.

Na ƙarfe kuwa shi ne mai yaudara. Yakan lotsa bai yi yoyo ba, sai mutum ya ce Allah ya kiyaye ya ci gaba da tafiya. Amma bakin bututun da famfo ke zuƙo mai da shi yana tsaye ne 'yan milimitoci kaɗan daga gindin kaskon, galibi ƙasa da santimita 1. Lotsawar da ta tashi ta rufe bakin nan za ta shaƙe famfon, ga mai cike a kasko amma ba ya isa sama. Injin ya buga ke nan ba tare da ɗigo ɗaya ya zuba a ƙasa ba.

Tsayin da ka auna na motar da ke tsaye ne

A nan ne mafi yawan ɓarnar take. Mota mai tafiya ba ta zama a tsayi ɗaya. In ka taka birki gabanta yana dunguri, in ta sauko daga tudu nauyinta yana danne sifirin, in ta faɗa kwari a guje duk jikinta yana nutsawa. Santimita 10 da ka auna a tsaye za su iya komawa 5 ko ƙasa da haka cikin ƙiftawar ido, kuma a wannan ƙiftawar ne kasko ke haɗuwa da dutse. Saboda haka kafin a kare kaskon, a fara rage yawan nutsawar.

Dubi shakazoba tukuna. Wanda ya sa gajeren sifirin ya bar tsohuwar shakazobar kamfani ya tilasta mata aiki a matse, a wurin da ba a ƙera ta don shi ba, kuma ba ta daɗewa take mutuwa. Matacciyar shakazoba ba ta riƙe komai, motar sai ta dinga lilo tana dukan ƙasa. In ka ga mai na tsatsafowa a jikinta, ko motar ta ci gaba da rawa bayan ta wuce tudu, canja ta da wadda aka yi wa gajeren sifirin. Sifirin da aka yanke da abin yankan ƙarfe ko aka gasa da wuta don ya lanƙwashe kuwa, a cire shi kawai. Ba shi da gyara.

A jikin sandar shakazoba akwai guntuwar roba mai tauri wadda ke tare ƙafa kafin ƙarfe ya daki ƙarfe. Wasu kan cire ta gaba ɗaya wai don motar ta yi laushi, alhali ita ce birkin ƙarshe na nutsawa. A sa gajera wadda ta dace da sabon tsayin, amma kada a bar wurin babu komai. In kana son sanin iyakar nutsawar motarka, ɗaura siririn maɗaurin roba irin na wayoyin lantarki a sandar, ka tura shi ƙasa ya zauna a bakin shakazobar, ka yi tuƙinka na yini guda. Inda ka tarar an tura shi, nan ƙafar take kaiwa. In kullum yana manne da robar can sama, ko motar ta yi ƙasa da yawa ko sifirin ya yi laushi.

Sai robobin da injin da giyabos ke zaune a kansu, waɗanda ake kira injin sit. In sun tsufa sukan zauna, musamman masu ruwa a ciki, injin ya sauko da santimita 1 ko fiye ba wanda ya lura. Gwajinsu ba wuya: a ja birkin hannu, a taka na ƙafa da ƙarfi, a buɗe bonet, wani ya tsaya a gefe, ba a gaba ba, yana kallon injin, kai kuma ka sa giyar gaba ka ɗan taɓa totur, ka koma ta baya ka sake. Ɗan motsi ba laifi. In injin yana tsalle ko ka ji ƙum, sun gama aiki. Sau da yawa canja su kaɗai yana dawo da tazarar da ta fi kaurin kowane faranti.

Taya ma tana cin tsayi. Mai lamba 205/55 R16 bangonta ya kai kusan milimita 113, mai 205/45 R16 kuwa 92 ne. Santimita 2 sun tafi ke nan ba a taɓa sifirin ba. Ƙarancin iska yana ƙara ragewa, haka fasinja huɗu da kaya a but.

In ƙafafun motarka irin masu zare ne da ake murɗawa a ɗaga ko a sauke, shawarata ita ce ka mayar wa gaba santimita 1 ko 1 da rabi. Mai kallo daga bakin titi ba zai gane ba, kasko kuwa zai gane. Kada garin neman gira a rasa ido.

Shaf da bututun giya

Ba duka kaɗai ke cutar da giya ba. Sauke mota yana canja kusurwar da shaf ke aiki a kai tsakanin giyabos da taya. In an yi ƙasa sosai, robar da ke rufe gaɓar shaf takan goga da kanta ta yage, giris ya fita, ƙasa ta shiga, sai ka fara jin ƙas-ƙas a kwana. A wasu motocin shaf ɗin kansa yana dukan shasi in ƙafa ta nutse. Duba shi ko akwai zobe mai sheƙi a jikinsa, ka duba bakin giyabos inda yake shiga ko akwai danshi.

Motoci masu giyar otomatik da yawa suna da siraran bututu biyu da ke kai man giya gaba ya huce ya dawo. Ka bi su da ido, in sun yi lilo ƙasa a ɗaure su sama. Kuma duk lokacin da aka canja tsayin mota, ko da kaɗan ne, a sake saitin ƙafa.

Garkuwar ƙasa

Yanzu ne lokacin faranti ya yi. Robar da kamfani ke sa wa a ƙarƙashin injin don ruwa da ƙura da iska aka yi ta, ba ta tare dutse. Abin da ake buƙata garkuwa ce ta gaske.

Zaɓi biyu ne suka fi yawa: alminiyam mai kaurin milimita 4 zuwa 6, ko ƙarfe mai milimita 2 zuwa 3. Alminiyam nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe. Faranti mai faɗin santimita 80 da tsawon 90, in alminiyam ne mai milimita 5 zai yi kusan kilo 10, in ƙarfe ne mai milimita 3 zai kai kilo 17, kuma duk nauyin a kan hancin motar zai zauna. Ƙarfe ya fi sauƙin gyara, ana buge shi ya miƙe, amma yana tsatsa in ba a yi masa fenti ba. Ga motar da ake hawa kullum ni alminiyam na fi so. In za a lanƙwasa shi a nemi samfurin 5052 ko 5083, domin 6061 mai tauri yakan tsage a bakin lanƙwasa. Siririn alminiyam mai zanen ƙyalli da ake shimfiɗawa a ƙasan motocin kaya ba garkuwa ba ne, ado ne.

In akwai wadda aka ƙera musamman don samfurin motarka, ita ta fi, don ramukanta sun dace da na shasi. In kuwa yin ta za a yi, a fara yanka kwali a gwada, a gyara har ya zauna, sannan a taɓa ƙarfe.

Ƙa'idar da ta fi kowace girma ita ce: garkuwa a jikin gadon injin da shasi ake ɗaure ta, ba a jikin injin ko giyabos ba. Aikinta ta karɓi duka ta miƙa wa ƙashin motar. In aka ɗaure ta a injin, ko ta jingina da kasko, ta zama guduma, dukan da zai tsaya a wuri ɗaya sai ta kai shi kai tsaye inda ake gudu. An gudu daga gara an faɗa gidan zago ke nan.

Don haka dole a bar sarari tsakaninta da kasko, aƙalla santimita 1 zuwa 1 da rabi a ko'ina, saboda injin yana motsi a kan robobinsa kuma farantin kansa yana lanƙwasawa in ya sha duka. Ido ba ya iya auna wannan sarari bayan an ɗaure. Dabarar ita ce a ɗora 'yan dunƙulen laka a kan farantin daidai ƙarƙashin kasko da giyabos, a ɗaure, a zaga da motar kaɗan ana ba ta wuta ana taka birki, a kwance a auna kaurin lakar. In ta baje ta zama kamar takarda, sarari bai isa ba.

Ka lura da lissafin: kaurin faranti da sararin da aka bari sun cinye maka kusan santimita 2 daga tazarar ƙasa. Garkuwa ba ta ƙara tsayi, ragewa take yi. Za ka riƙa jin karce a wuraren da da kake wucewa shiru. Shi ya sa na ce a fara da ƙafafu da injin sit.

Bakinta na gaba a lanƙwasa shi sama kamar hancin kwalekwale ya ɓuya a bayan bamba, don abin da ta tarar ta hau kansa ta zame. Baki miƙaƙƙe yana kama gefen murfin kwalbati ya tsayar da mota cak, ko ya naɗe ya koma ciki ya fasa lagireto. Na baya ma a ɗan ɗaga shi saboda ribas. Faranti shimfiɗaɗɗe sumul ba shi da ƙarfi, sai an yi masa lanƙwasa a gefuna ko an ƙara masa haƙarƙari ta ciki.

Kawunan notuna su shige cikin faranti ko a kewaye su da zoben kariya. In suka leƙo, kwalta za ta side su, ranar juyen mai a rasa inda sifana za ta kama. A yi amfani da notuna masu lambar ƙarfi 8.8 ko sama, da washa mai faɗi, da ɗan maganin hana kwancewa a zaren. Inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe a sa washar roba, tana rage ƙara kuma tana hana tsatsar da ke tashi tsakanin ƙarafa biyu mabambanta in ruwa ya shiga. Kada a yi mata walda a jikin mota. Abin da za a riƙa cirewa ne, kuma an tsara gaban mota ya lotsa ta wata hanya in an yi karo, bai kamata a ɗaure shi tamau da ƙarfen da ba ya cikin tsarin ba.

A huda ƙofar juye mai da ta filta, da ƙananan ramuka a wuri mafi ƙasa don ruwa da yashi su fita, da 'yan tsagogi ta baya don zafi ya samu mafita, domin kasko da giyabos suna hucewa ne da iskar da ke bi ta ƙasa. Kada ta taɓa salansa. Bayan tafiyar kilomita 100 ta farko a sake ɗaure notunan, kuma a makon farko ka sa ido a kan allurar zafi.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: garkuwa tana ɓoye yoyo. Man da da za ka gani a ƙasa da safe yanzu a kanta yake taruwa. Saboda haka duba gejin mai ya zama na kowane mako, kuma duk juyen mai a leƙa samanta.

Sauran aikin a ƙafarka yake

Ƙarfin duka yana ninkuwa ne fiye da gudu: in ka ninka gudu sau 2, dukan ya ninku sau 4. Wannan kaɗai ya isa dalili.

A tudun rage gudu, ka gama taka birki kafin ka iso, ka sake shi gaban motar ya taso, sannan ka hau. Mai taka birki a kan tudun yana danna hancin motarsa ne daidai lokacin da ya fi buƙatar tsayi. In tudun dogo ne ka hau shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, matuƙar ba ka shiga hannun wani ba. Haka ake yi wa gangaren shiga gida ko na wurin ajiye motoci. Saukowa ma a hankali, don a nan gaba ke faɗowa.

In ka ga dutse ko murfin rami da ya taso kuma ba halin kaucewa, kada ka raba shi tsakanin tayoyi kamar yadda aka saba da doguwar mota. Tsakiya nan ne kasko yake. Ka rage gudu sosai ka ɗora taya a kansa ta ɗaga motar. Hanyar da manyan motoci suka tona ta yi doro a tsakiya, ka bi ta kan doron da ƙafa ɗaya. Ka bar tazara tsakaninka da na gaba, don shi zai wuce kan abin da kai ba za ka iya ba, kuma sai ya wuce za ka gani. Ruwan da ya kwanta a hanya kuwa ba ka san zurfin ramin da ya rufe ba, ga shi bakin shan iskar injin ma ya sauko tare da motar.

In an riga an daka

Ka ji ƙarar nan mai tayar da hankali daga ƙasa. Kada ka ce bari in ƙarasa gida. Ka sauka gefe inda ba haɗari, ka kashe injin, ka leƙa, ka kuma dubi bayanka ko ka bar layin mai a kwalta. Baƙin mai ruwan ƙasa ne ko baƙi. Man giyar otomatik galibi ja ne, ko da yake akwai masu wani launi. Na giyar hannu yana da kauri da wari mai hawa kai. Ruwan lagireto kore ne ko ruwan hoda ko shuɗi, ba shi da maiƙo sosai. Farin ruwa zalla daga na'urar sanyaya mota yake, ba komai ba ne.

Jar fitila mai hoton butar mai ba tana cewa mai ya ragu ba ne, tana cewa ƙarfin tura shi ya faɗi. Karanshaf, wato babban ƙarfen da ke juyi a cikin injin, yana juyawa ne a kan siririyar shimfiɗa ta mai, in ta yanke ƙarfe ke cin ƙarfe, kuma ba a ɗaukar mintuna da yawa. In ta kama, kashe injin nan take, ko da geji ya nuna mai a cike, saboda lotsawar nan da muka ambata.

Giya ba ta da irin wannan gargaɗi a yawancin motoci. Ta otomatik in mai ya zube za ka ji injin yana ƙugi motar ba ta ja, ko tana jinkirin shiga. Ta hannu ta fi shiru, ƙaramin tsagu zai yi ta ɗiga kwana da kwanaki sai ranar da ta fara kuka. Don haka ko ba ka ga komai a wurin ba, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da dare ka duba da safe, a kuma cire garkuwar a ga ko ta lotsa ta jingina da kasko.

Gam ɗin ƙarfe da ake cakuɗawa a liƙe tsagu zai iya kai ka gareji in tsagun ƙarami ne kuma an goge wurin ya bushe, amma kaskon da ya tsage canja shi ake yi. In an canja, a duba ragar bakin bututun famfo, a wanke ɓarɓashin da ya shiga.

In sai an ɗauke ta, ka nemi janwe mai shimfiɗaɗɗen baya wanda ke ɗora mota gaba ɗaya, domin jan mai giyar otomatik da tayoyin da ke ja a ƙasa yana ƙona giyar. Ka gaya wa direban tun a waya cewa motar a sauke take, ya taho da katakan da zai rage tsinin hawa, kuma a ja ta da ƙugiyar da kamfani ya tanada, kada a rataya sarƙa a garkuwa ko a ƙafafu.